Ɗan kwangila ya ce in baladiyya ta zo, a wuyansa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni Bahaushe ne haifaffen Makka, ɗan ƙasa, na haura shekara 50. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida mai hawa biyu a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da rusau bai taɓa ba, ginin ya fi shekara 40. Hajiya tana ƙasa, ni da iyalina muna sama. Mu biyar ne 'ya'yansa, maza uku mata biyu, ni ne babba, kuma shekara 8 ke nan da suka ba ni wakala, wato takardar wakilci, in riƙa kula da gidan. Sakkin, wato takardar mallakar gidan, har yau da sunan marigayi yake, na takarda irin na da.

Babban ɗana zai yi aure bayan aikin Hajji, haya kuwa ka san yadda take. Sai na ga gara in ɗora masa ɗaki biyu da kicin da banɗaki a saman rufi. Ɗan kwangilar ɗan unguwa ne, sahu ɗaya muke sallah. Ya ce neman ruksa, wato izinin gini daga hukuma, ɓata lokaci ne da kuɗi, zai gama cikin wata biyu, in baladiyya, wato hukumar gari, ta zo a wuyansa. Na ba shi riyal 20,000 kafin alƙalami, har ya sauke bulo da yashi. Ƙannena maza sun ce ba komai ta waya. Matan ban gaya musu ba tukuna, ɗaya tana aure a Jidda. Maƙwabcina na baya ya fara tambaya ina tagogin za su kalla. Hajiya ta ce ubanmu bai nemi izinin kowa ba da ya yi gininsa. Ni kuma tsorona kada in je neman ruksa in tono abin da ke binne, don ban tabbata benen da muke ciki ma yana cikin takardar gini ta asali ba. In ci gaba ko in tsaya?

Wani ɗan'uwa daga Makka

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya nuna mana bikin nan lafiya.

Ka tsaya. Kada a hau da bulo ko ɗaya saman rufin nan, wanda aka riga aka hau da shi kuma a sauko da shi, ko aƙalla kada a bar shi jibge wuri ɗaya. Ban ce ginin ba zai yiwu ba har abada. Na ce ba ta wannan hanya ba, kuma da wuya ya yiwu kafin ranar da kuka sa.

Maganar “a wuyana” da mutumin nan ya yi maka, ina jin da zuciya ɗaya ya faɗe ta, ba na zarginsa da mugun nufi. Sai dai wuyansa ba ya cikin kwamfutar Amanar Makka, babbar hukumar da ke kula da birnin. Abin da ke ciki shi ne lambar fili da lambar sakki da sunan masu shi. Ranar da ma'aikacin baladiyya ya tsaya a ƙofarku ya ɗaga waya ya ɗauki hoton ginin, ba zai tambayi abin da aka yi alkawari a ƙofar masallaci ba. Ruksar gini da sunan mai gida ake ba da ita, rashinta ma mai gida ake fara nema da shi. Doka takan kama ɗan kwangila da nasa laifin, amma kama shi ba ya sauke naka. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: a dakatar da aiki, a rubuta tara, sannan in ƙarin ya saɓa wa tsarin unguwar a ce a cire shi, kuɗin rushewar ma daga aljihun mai gida. Ka biya an gina, ka biya an rushe, ka biya an kwashe ɓaraguzai. Shi ɗan kwangila a lokacin yana wani aikin a wata unguwa, in ka kira shi zai yi maka jaje da gaske, iyakar abin da yake da shi ke nan. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Kuma kada ka yarda wai za a yi a ɓoye. Yashi yana ƙofar gida tun yanzu. Gobe injin jan kaya zai rataya a gefen bene yana hawa da bulo, jibi motar kankare za ta toshe lungu. Lambar kai ƙorafi ga baladiyya 940 ce, yaro ma ya san ta, kuma ba sai mutum yana mugu yake kiranta ba. Ya isa a ce ƙura ta dami mai asma a gidansa, ko an hana shi fitar da motarsa da safe.

Amma tara ba ita ce ta sa na ce maka ka tsaya da wannan gaggawa ba. Nauyi ne.

Mu yi lissafi tare. Kankare mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya yana kai kimanin kilo 2,400. Rufin kankare mai kaurin santimita 15 ke nan kowace murabba'in mita tana da kilo 360. Ɗaki biyu da kicin da banɗaki da ɗan falo, a ce murabba'in mita 60. Rufin kaɗai ya haura tan 21, ba a sa bango ba, ba a sa filasta da tayil da yashin da ake shimfiɗawa ƙarƙashinsa ba. Tankin ruwa kuma da za a ƙara ko a matsar da shi sama, kowace lita 1,000 tan ɗaya ce cur. Duk wannan a kan ginshiƙan da aka zuba shekara 40 da wani abu zai sauka, su kuma su miƙa wa fandisho. Kai da bakinka ka ce ba ka tabbata benen da kuke ciki yana cikin tsarin farko ba. In haka ne, to mai yiwuwa ginshiƙan nan an yi su ne don hawa ɗaya, sun riga sun ɗauki na biyu bisa haƙuri, yanzu kuma ana son ɗora musu na uku.

Kafin ka kwanta yau, ka shiga banɗakin ƙasa, na wajen Hajiya, ka kunna fitila ka ɗaga kai. Ka duba ko fentin rufin ya kumbura yana ɓarewa, ko akwai wani jan layi mai launin tsatsa da ya bi tsawon rufin, ko filasta ta ɓantare har rodi ya leƙo. Ka duba gindin ginshiƙan da ke kusa da tankin ƙasa da inda bututun ruwa ke bi. Ka ƙwanƙwasa da mabuɗi, ka ji ko wani wuri yana amsawa da ƙarar rami. Rodi in ruwa ya daɗe yana isa gare shi tsatsa yake yi, in ya yi tsatsa sai ya kumbura ya tsaga kankaren da ke lulluɓe da shi daga ciki, ƙarfinsa na raguwa alhali daga waje fenti yana sheƙi. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, gidan gyara yake nema tun kafin a yi zancen ƙari. In ba ka ga komai ba ma, idonka da nawa ba su ne ma'auni ba. Injiniyoyi suna da hanyarsu: su huda ginshiƙi su ciro guntun kankare, su kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe a ga iyakar abin da yake ɗauka, su auna yawan rodin da ke ciki da kaurinsa, su tona gefen fandisho su ga girmansa da irin ƙasar da yake kai. Ɗan kwangilar da ya ce “ginin da ai ƙarfi gare shi” bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wasu gine-ginen da suna da ƙarfi, wasu kuwa da hannu aka kwaɓa simintinsu a kan titi, kowane buhu da irin ruwan da aka ga dama.

Ba tsoratarwa nake yi ba. Ranar 30 ga Mayu, 2024, wani gidan zama ya rufta a unguwar Faisaliyya da ke Jidda, mutum 7 suka rasu, 8 suka jikkata. Bayanin da hukumar yaƙi da rashawa, Nazaha, ta fitar ya nuna ginin yana da matsala tun da farko, an samo ruksa da bayanan ƙarya ta hannun wani ofishin injiniyoyi, aka ci gaba da ɗora masa gini har nauyi ya fi ƙarfinsa. Ka dubi waɗanda aka tsare: mai ginin, da wakilinsa, da mai ofishin, da ɗan kwangila. Ba wanda wuyan wani ya fitar. Ka lura da wakilin nan musamman, don kujerar da kake kai ke nan. Ka kuma riƙe wannan saboda gaba: in wani ya ce maka yana da hanyar da zai “fitar” maka da ruksa ba tare da an zo an duba gidan ba, wannan ta fi rashin ruksar muni.

Yanzu ga abin da ka ambata a gurguje, ni kuwa a nan na fi daɗewa da wasiƙarka. Matan ba ka gaya musu ba tukuna.

Alhaji, gidan nan ba naka ba ne. Naku ne. In babu wani magaji bayan waɗanda ka lissafa, a kasa gidan kashi 64: Hajiya tana da tumuni, kashi 8, kowane namiji 14, kowace mace 7. Rabonka 14 ne cikin 64, bai kai rubu'i ba. Hajiya da ƙannenka mata biyu in sun haɗu suna da 22, sun fi ka. Kuma tunda ba a raba ba, babu wani taƙi a rufin nan da za ka nuna ka ce nan ne nawa. Kowane taƙi akwai haƙƙin wadda ke Jidda a ciki. Zama babban wa da ɗawainiyar da ka yi shekara da shekaru, biyan wuta da ruwa da gyaran famfo da kai Hajiya asibiti, Allah ne zai biya ka, kuma 'yan'uwanka ya kamata su gani. Amma ba su mayar da rufin naka ba.

Na san yadda abin yake a gidajenmu. Ba raini ne ya hana ka gaya musu ba, ka ɗauka ne ai ba za su ƙi ba, ɗansu ne zai zauna. Mai yiwuwa ma ba za su ƙi ɗin ba. To me ya hana a tambaye su? Mace takan yi shiru don kunyar yayanta, ta haɗiye, shekara goma ta wuce, sai ranar da aka zo sayar da gida ko karɓar diyya, 'ya'yanta da suka girma su yi tambayar da ita ba ta yi ba. Ranar nan kai za ka ce ɗakunan sama da kuɗina na gina, a ware mini. Su kuma su ce a kan rufinmu ka gina, ɗanka ya zauna shekara goma ba haya, a lissafa. Duk ku biyun kuna da abin faɗa, kuma irin wannan shari'a ce ke cinye gida da zumunci tare.

Saboda haka kada ka yi wannan magana ta waya. Makka da Jidda ba nisa, zumunta kuwa a ƙafa take. Ka je gidanta, ka zauna, ka faɗa mata a gaban mijinta in ta so, ka ba ta damar ta ce za ta yi tunani. Haka ɗayar. Mazan ma “ba komai” ɗin da suka ce a waya ba ta isa ba. Ku zauna ku shida har da Hajiya ku amsa tambayoyi uku a rubuce: kuɗin ginin bashi ne a kan gidan da za a biya ka in an sayar, ko kyauta ka yi wa kowa? Yaron zai riƙa biyan wani abu ga sauran magada, ko sun yafe, kuma har zuwa yaushe? In wani ya nemi a raba gado gobe, yaya za a ƙiyasta ƙarin? Duk abin da kuka amince a kai, a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, in da hali a kai wa mai tabbatar da takardu ya hatimce. In ɗaya ta ce a'a, to a'a ɗin ce, sai dai ka nemi sayen rabonta da farashin da ta yarda.

Wakalar da kake riƙe da ita ma ka buɗe Najiz, dandalin Ma'aikatar Shari'a, ka duba ta. A dokar tabbatar da takardu ta yanzu wakala shekara 5 take yi in ba a rubuta ƙasa da haka ba, taka kuwa ta shekara 8, da wuya in tana da sauran rai. Ko tana da rai, wakala a ƙasar nan abin da aka lissafa a cikinta kaɗai take ba ka. Wadda aka ba ka don karɓar haya da zuwa kamfanin lantarki ba ta zama izinin gini ba. Kana buƙatar sabuwa daga kowane magaji, wadda ta ambaci zuwa Amana da baladiyya, da fitar da ruksar gini, da ƙulla yarjejeniya da ofishin injiniyoyi da ɗan kwangila.

Sai tsoronka na tono abin da ke binne. Tsoro ne mai dalili, ba zan ce maka babu abin da zai fito ba. Zai yiwu a duba a ga benen ba ya cikin ruksar farko, zai yiwu hakan ya jawo biyan wani abu. Amma ka sani ba kai kaɗai ba ne da irin wannan gida a Makka, kuma saboda irinsa ne dandalin Balady, na hidimomin baladiyya a intanet, yake da hidima ta musamman ta daidaita matsayin ginin da ya riga ya tsaya. Wanda ya je da ƙafarsa yana neman a daidaita masa tsohon gini, da wanda aka kama da ɗanyen siminti a saman rufi, ba fuska ɗaya suke shiga ofis da ita ba. Sannan abin da ke binnen ba zai dawwama a binne ba ko ka je ko ba ka je ba. Ranar sayarwa zai fito, ranar rabon gado zai fito, ranar da kwamiti ya zo ƙiyasta gidajen unguwa zai fito. Kai ɗan Makka ne, ka ga yadda aikin babban titi da gine-ginen nan da ake kira Masar ya ratsa unguwannin yammacin Harami. Ka ga rusau ɗin Jidda da ya fara a ƙarshen 2021, ya bi ta Sabil da Karantina da Gulail da Kandara, inda danginmu da yawa suka zauna. A can hukuma ta ce mai sakki za a biya shi diyyar fili da gini, wanda ba shi da sakki kuwa ta gini kaɗai. Takarda ce ta yi magana, ba daɗewa a unguwa ba. Ku da Allah ya ba ku sakki, kada ku bar shi a cikin akwatin Hajiya da sunan wanda ya rasu.

Ga yadda zan bi in ni ne. Farko takardar ƙididdige magada daga kotu in ba ku fitar ba, sai sabunta sakkin ya koma na kwamfuta ta hanyar Ma'aikatar Shari'a, don ba a buɗe neman ruksar gini da tsohon sakki na takarda. Waɗannan biyun ko ba za ku ɗora bulo ɗaya ba wajibi ne ku yi su. Daga nan ka je ofishin injiniyoyi mai rajista, cikin waɗanda sunansu ke Balady, ba wanda ɗan kwangila ya nuna maka ba. Zuwa wurinsu ba kai kanka ƙara ba ne, shawara ka je saye. Ka kai musu sakki da duk wata tsohuwar takardar gini da ka samu, ka ce su gaya maka abu biyu kafin ka kashe kuɗi a zane: tsarin unguwarku ya yarda da ƙarin gini a sama, kuma ginin zai ɗauka? Kowace unguwa da adadin hawan da aka yarje mata, ƙarin saman rufi kuma ba ya cinye rufin duka, akwai kason da aka ƙayyade da ja baya daga gefen titi da maƙwabta. In unguwar tana cikin wuraren da aka ware don wani aiki, a nan za ka fara ji, kuma gara ka ji kafin ka zuba kuɗi. In amsoshin biyu sun zo da e, ofishin ne zai yi awon fili da zane ya shigar da buƙatar a Balady, kai kuma ka tabbatar daga wayarka.

A kula da wata dabara da ake yawan bai wa mutane: wai ka fitar da ruksar gyara, mai sauƙi, ka fake da ita ka yi ƙari. Ruksar gyara ta gyaran abin da ke nan ce. Ƙara ɗaki ko hawa ruksarsa daban, kuma wanda ya zo dubawa ya san bambancin filasta da sabon ginshiƙi. Haka masu cewa a yi da kwano da ƙarfe kawai tunda ba nauyi. Rumfunan kwano a saman gidaje suna cikin abubuwan da baladiyya ke bi tana cirewa da sunan ɓata fuskar gari, ban da cewa amarya a ƙarƙashin kwano a zafin Makka ba alheri aka yi mata ba. Fentin ɗaki, canza famfo, sauya ƙofar da ta lalace, waɗannan ba wanda zai tambaye ka. Da zarar an taɓa ginshiƙi, ko an ƙara faɗi, ko an sauya fuskar gida, an shiga wani babi.

Akwai kuma abin da mutane ba su lura suna jefarwa in sun gudu daga ruksa. Tun watan Yulin 2021 ƙa'idojin gini na Saudiyya suka hau kan gidajen zama, kuma a ƙarƙashinsu ɗan kwangila da injiniyan da ya kula da aiki suna ɗauke da lamunin ginin shekara 10, in ya rushe ko wani ɓoyayyen aibi ya bayyana da ke barazana ga ƙarfinsa. Shekarun nan daga ranar da aka ba da takardar shaidar kammalawa da izinin shiga ake fara ƙirga su. Ginin da ba ruksa ba shi da wannan takarda. Wato hanyar da doka ta tanada ta ɗora abin a wuyan ɗan kwangila da gaske, ita ce dai hanyar da ya ce maka ku kauce mata.

Ka tambaye shi, cikin mutunci, ko yana da rajistar kasuwanci ta aikin gini, kuma ma'aikatan da zai kawo a ƙarƙashin kamfaninsa suke. Na san wannan tambaya tana da nauyi a tsakaninmu. Da yawa daga masu ɗaukar bulo a unguwanninmu 'yan'uwanmu ne da takardunsu ba su cika ba, neman halal suke, ba wanda ke son ya zama sanadin kama su. Amma ka dubi ɗaya gefen. In ɗayansu ya zamo daga hawa na uku, ba inshora, ba kamfani, ba ruksa, a gidan wa ya faɗi? Sa wanda ba shi da izinin aiki aiki laifi ne mai zaman kansa a kan wanda ya sa shi. Diyyar kisan kuskure kuwa riyal 300,000 ce tun 2011, kuma alƙali zai duba sakacin wa ya jawo. Shi yaron da iyalinsa su ne suka fi kowa asara a aikin da ba takarda.

Wuta ma ka yi tunaninta? Sabuwar mita takardun gini ake nema kafin a sa ta. In babu, daga mitarka za a ja wa ango waya. Kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala 100 ke yin riyal ɗaya) kowane yunit, wato kilowat-awa, har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Ka ƙara na'urar sanyaya ɗaki biyu ko uku a ɗakunan da rana ke duka ta sama da gefe, a kan wayoyin da aka ja tun zamanin marigayi. Ko dai takardar wuta ta zama abin ɓacin rai tsakaninka da surukarka kowane wata, ko wayar ta yi zafi cikin bango.

Maƙwabcinka kuma gaskiya gare shi, kuma ya kyauta da ya tambaye ka kai tsaye. Tagar da ke leƙa tsakar gidan mutum cutarwa ce a shari'a tun kafin a san baladiyya. Ka je ka same shi ka ce an dakata, in za a yi kuma za ka nuna masa zanen kafin a fara. Taga mai tsayi sama da kai, ko gilashi marar nuna ciki, ko juya ta ta kalli wani gefe, duk abu ne mai sauƙi a kan takarda, mai tsada bayan an gina.

Hajiya kada ka yi musu da ita a kan marigayi. Gaskiya ta faɗa, a zamaninsa haka mutane da yawa suka yi gini, kuma ya bar muku inuwa. Kada ka kawo mata zancen tara ko Balady. Ka ce mata kawai: Hajiya, ke ce ke kwana a ƙasa, ba zan ɗora tan ashirin da wani abu a kanki ba sai wanda ya san aikin ya duba ya ce ginin zai ɗauka. Ka ƙara da cewa kana son ƙannenka mata su sa albarka. Uwa ba ta ƙin wannan.

Auren kuma kada a ɗaga shi saboda gini. Ku nemi ɗan madaidaicin gida na shekara ɗaya, ko da a unguwannin bayan gari ne inda haya ta fi sauƙi, a rubuta yarjejeniyar a Ejar, dandalin rajistar haya. Kuɗin da ka tanada don siminti zai ɗauki wannan har da saura. Tunda yaron ɗan ƙasa ne, da an ɗaura aure ya shiga dandalin Sakani na gwamnati ya duba ko ya cancanci tallafin gida. Zai yiwu shekara ta zagayo ka ga shi da matarsa sun fi son inda suke, don ba kowace amarya ce ke mafarkin zama a saman surukai hawa biyu ba, ko da ba za ta faɗa ba.

Saura riyal 20,000. Ka same shi ku biyu, ba a ƙofar masallaci ba, ka ce magada ba su gama yarda ba kuma sai injiniya ya duba, wanda duk gaskiya ne, ba sai ka ce masa ka daina yarda da shi ba. Ya kawo rasit na bulo da yashi da kuɗin mota, a cire, a ƙara masa wani abu na wahalarsa in ka ga ya dace, sauran ya dawo da shi ko da kashi-kashi ne. Ku rubuta adadin da ranakun biya, ku sa hannu da shaidu biyu. In kuɗin ta banki ka tura, ka adana shaidar, haka saƙonnin da kuka yi ta waya. In ya yi gardama, a fara da dattawan unguwa. In abin ya faskara, akwai dandalin sulhu na Ma'aikatar Shari'a, Taradhi, kuma takardar sulhun da aka yi a can kotun zartarwa tana aiki da ita kai tsaye. Bulon kuma ko ya karɓe shi a farashin da ya saya, ko ka sayar wa mai gini a kusa. Yashin dai a kwashe shi daga bakin titi cikin makon nan, don barin kayan gini a kan hanya shi ma abin tara ne.